Zafin Ruwan Gahawa Da Shayi: Amsa Ga Mutanen Ƙasar Gumel

Cikin makonnin nan wasiƙu huɗu suka zo mana daga ƙasar Gumel, kowace da irin kukanta. Da muka duba su da kyau sai muka ga ashe duk rijiya ɗaya su ke ɗiba. Don haka muka ga ya kyautu mu haɗa su, mu amsa gaba ɗaya.

Ta fari daga wani ɗan kasuwa ce na cikin garin Gumel. Ya ce ya sayo injin dafa gahawa irin na Italiya, wanda a ke kira esfireso, da kuɗi masu kauri, amma yau in ya dafa ta fito da tsami, gobe kuma da ɗaci kamar maɗaci, alhali gari ɗaya ne, hannu ɗaya. Yana tambaya ko cutarsa aka yi. Ta biyu daga wani mai tebur ce a Maigatari, wanda ya ce ran Alhamis, ranar kasuwa, masu sha su kan yabi shayinsa da safe, su kushe shi da azahar. Ta uku daga Gagarawa, mai ita yana so ya sani ko gaskiya ne abin sha mai tsananin zafi yana yi wa maƙogwaro lahani. Ta huɗu kuwa daga Sule Tankarkar, mai ita yana kukan gawayi ya cinye masa riba.

To, jama'a, amsar duka tana ga zafin ruwa: nawa ya kamata ya zama sa'ad da ya ke haɗuwa da gari ko ganye, nawa kuma sa'ad da ya ke shiga baki.

Abin da zafi ya ke yi wa gahawa

Kowa ya taɓa ganin yadda a ke jiƙa tsamiya ko zoɓo ya san ruwan zafi ya fi na sanyi saurin fitar da abin da ke cikinsu. Haka gahawa ta ke. A cikin ƙwayarta da aka soya akwai abubuwa iri iri, ba kuwa lokaci ɗaya su ke narkewa ba. Masu tsami su ke fara fitowa, sa'an nan masu zaƙi da ƙamshi, daga baya masu ɗaci da bauri su biyo. Mai dafawa aikinsa ya kwaso na fari da na tsakiya, ya tsaya kafin na ƙarshe su yi yawa. In ruwa bai yi zafi sosai ba, sai a sami tsamin kaɗai, zaƙin ya maƙale cikin gari a zubar da shi. In kuwa zafin ya wuce kima, sai ɗacin ya danne kome.

Ma'aunin zafi da a ke aiki da shi ya sa ƙanƙara a kan sifiri, tafasasshen ruwa a bakin teku a kan digiri 100. Duk hawan da mutum ya yi na kamar mita 300, matafasar ruwa ta kan ragu da digiri ɗaya. Ƙasar Gumel ta ɗara bakin teku da mita ɗari uku da wani abu, watau ruwanmu ya kan tafasa wajen digiri 99. A Jos, bisa dutse, wajen 96. Masu sana'ar gahawa sun daɗe da yarda cewa ruwan da ya dace da ita yana tsakanin digiri 90 da 96. Ka ga ke nan tafasasshen ruwa na Gumel ya ɗan wuce wuri, amma ba da nisa ba.

Asalin wannan inji

Ita gahawa daga tuddan Habasha ta ke. Mutanen Yaman suka shahara da shanta tun ƙarni na 15, daga Larabawa kuma muka samo sunan. Amma injin da ɗan kasuwanmu ya saya ɗan Italiya ne. A 1884 wani mutumin Turin, Moriyondo, ya yi rajistar inji mai tura ruwa cikin garin gahawa da ƙarfin tururi. A 1901 Bezzera na Milan ya kyautata shi, ya zama a na yi wa kowane mai sha nasa finjali nan take. Aibin waɗannan injuna na fari shi ne, kafin tururi ya yi ƙarfin tura ruwa sai zafi ya haura digiri 100, don haka gahawarsu ta kan fito da ƙauri.

Gaggia, shi ma mutumin Milan, ya warware wannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi inji mai hannu, wanda in an ja shi wani ƙarfe mai lanƙwasa ya ke matsa ruwan, ba tururi ba. Da haka aka raba ƙarfi da zafi, aka sami ikon matsa ruwa ƙwarai ba tare da ya tafasa ba, kumfar nan mai launin ƙasa ta fara bayyana a kan finjali. A 1961 kamfanin Faema ya fito da inji mai suna E61, wanda famfon lantarki ke yi masa matsin. Yawancin injunan gida na yau jikokinsa ne.

Ƙa'idar esfireso ke nan: gari mai laushi, giram 7 zuwa 9 ga finjali ɗaya, ko wajen 18 ga biyu, a danne shi cikin ɗan ludayin inji mai rariya a gindi, a tura ruwa da ƙarfin da ya yi kamar ninki huɗu na iskar tayar ƙaramar mota, cikin sakan 25 zuwa 30. Tun da ya ke aikin duka bai wuce rabin minti ba, ba shi da wurin gyara. Yadda ruwan ya zo, haka finjalin zai fito.

Ga mai inji na Gumel

Malam, ba mu ga alamar an cuce ka ba. Abin da ka faɗa halin ƙananan injuna ne. A cikinsu akwai 'yar tukunya guda, da wani maɓalli mai kunna wuta in ruwa ya huce, ya kashe in ya yi zafi. Tsakanin kunnawa da kashewa zafin ya kan yi lilo, wani lokaci har kusan digiri goma. In ka dafa sa'ad da lilon ya ke ƙasa, ga tsami. In yana sama, ga ɗaci. Ga abin da za ka yi.

Na fari, ka bar inji ya yi ɗumi sosai. Fitilar da ke nuna ruwa ya kai ta kan kama cikin 'yan mintoci, amma labarin ruwan da ke cikin tukunya kaɗai ta ke ba ka. Kan injin da ludayin ƙarfe ne mai kauri, in suna da sanyi sai su shanye zafin ruwan kafin ya isa gari. Ka kunna inji da minti 20, in babba ne 30 ko fiye, ludayin yana ɗaure a wurinsa. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu, kafin ka zuba gari, ka saki ruwa zalla ya bi ta ludayin ya zuba cikin finjali. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan: ƙarfe ya yi ɗumi, finjali ya yi ɗumi. Ka zubar, ka goge ludayin ya bushe, sa'an nan ka sa gari.

Na uku, ka kama lilon a wuri ɗaya kullum. Ka saki ruwa har wuta ta kama, ka jira fitila ta nuna ya kai, sa'an nan ka ƙidaya sakan daidai waɗanda ka saba, goma ko ashirin, ka dafa. In ta fito da ɗaci, gobe ka ƙara jiran. In da tsami, ka rage. Ran da ka dace, ka rubuta adadin ka manna a bango.

Na huɗu, in za ka dafa madara da tururin inji, ka fara yin gahawar tukuna. Tururi mai ƙarfi ba ya samuwa sai tukunyar ta haura digiri 120. Wanda ya gama madara ya juyo kan gahawa nan take, da ruwan da ya wuce tafasa zai dafa ta. In tilas ta sa ka fara da madara, ka saki ruwa har ka ji hucin ya daina, ruwan ya zubo lami lafiya, kana ka ci gaba. Manyan injuna masu bututu cikin tukunyar tururi su ma haka su ke bukata in sun jima a kunne ba a taɓa su ba.

Na biyar, ka dubi suyar ƙwayar. Wadda aka soya ta yi baƙi tana saurin narkewa, ta fi son ƙasan ma'auni, wajen 90. Wadda aka yi wa suya sama sama ta fi tauri, tana son 94 zuwa 96. In kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. In injinka yana da na'urar nan mai lissafi da a ke kira PID, wadda ke riƙe zafi kusa da inda aka ajiye shi, to, kai an hutar da kai daga ƙidaya, sai ka murɗa kawai.

Amma fa kada ka ɗora wa zafi laifin kome. Niƙa ta fi shi tasiri. Gari mai tsakuwa tsakuwa, ruwa ya kan ratsa shi da gudu cikin sakan goma sha, ya fito da tsami ko da zafin daidai ne. Wanda ya cika laushi kuwa ya kan toshe, ya ɗiga da ƙyar, ya yi ɗaci. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta garin Debis, a Amurka, sun dafa gahawar tacewa a kan digiri 87 da 90 da 93, suka ga in an daidaita kaurinta da yawan abin da aka fitar daga gari, masu ɗanɗano da ƙyar su ke rarrabewa. Ko da ya ke ba a kan esfireso suka yi ba, akwai darasi a ciki. Ka fara gyara niƙa da awo har ruwa ya riƙa ɗaukar sakan 25 zuwa 30, sa'an nan ka juyo kan zafi. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sakewa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba.

Abubuwa uku na ƙasarmu

Waɗanda suka ƙera injunan nan ba su yi su don ƙasar Gumel ba. Akwai abubuwa uku da littafin inji ba zai faɗa maka ba.

Ɗaya, ƙarfin wuta. An yi su don folt 230, suna kuwa cin wat 1,000 zuwa 1,500. In wuta ta zo da rauni, a ce 180, zafin da inji ke bayarwa ya kan ragu da kusan biyu cikin biyar, gama faɗuwar zafi ta fi ta wutar yawa. Ran nan zai daɗe bai yi ɗumi ba, kuma ba zai farfaɗo da sauri tsakanin finjali da finjali ba. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Wanda kuma aka yo wa tsarabar inji daga Amurka ya duba gindinsa kafin ya jona, don nasu na folt 120 ne, wutarmu ƙone shi za ta yi.

Biyu, ruwa. Rijiyoyi da yawa a arewa suna da zartsi. Dubi cikin tsohuwar butar shayi, za ka ga wani farin ɓawo kamar alli. Shi ne ke taruwa cikin tukunyar inji, ya lulluɓe ƙarfen da ke ba da zafi, ya toshe bututu, har maɓallin ya riƙa aunawa ba daidai ba. Ka nemi ruwan da ba ya barin ɓawo a buta, ka kuma riƙa wanke cikin inji yadda maƙeransa suka ce.

Uku, yanayi. Safiyar hunturu, sa'ad da muku-muku ya sauka, ƙarfe da finjali da ruwan tanki duk sanyi ƙalau su ke. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, inji rabinsa a ɗumame ya ke tun ba a kunna ba. Ƙidayar da ta yi maka daidai a Janairu sai ka sake ta a Afrilu.

Ga mai tebur na Maigatari

Kai kuma, ɗan'uwa, ba ka da inji, amma ƙa'idar ɗaya ce. Da safe ruwanka sabo ne, ganyenka sabo. Kafin azahar, ran da fatake daga Nijar da masu sayen shanu daga kudu suka cika kasuwa, ganyen nan ya yi sa'o'i yana zaɓaɓɓaka a kan wuta, ƙamshinsa ya bi tururi, baurinsa ya tsaya a tukunya. Maganinsa ka raba ruwa da ganye. Babbar tukunya ta riƙe ruwa zalla, ko da kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari, waɗanda ke jure wuta. Baƙin ganyen kuwa ka riƙa jiƙa shi kaɗan kaɗan cikin ƙaramar buta, da ruwan da ya tafasa yanzu, minti uku zuwa biyar, ka tace.

Gahawar gwangwani ko ta 'yar leda, irin Nescafé da ta fara fitowa a 1938, an riga an dafa ta a masana'anta an busar. Narkewa kaɗai ta ke bukata, kuma ta fi daɗi da ruwan da ya sauka wajen digiri 80 zuwa 85. Ba sai kana da ma'auni ba. Kofi huɗu na tafasasshen ruwa, ka ƙara kofi ɗaya na dafaffen ruwan da ya huce, za ka sami wajen 85. In uku ne da ɗaya, wajen 82. Garin gahawa na ainihi kuwa, ka sauke buta ka ƙidaya talatin zuwa sittin kafin ka zuba. Madara kada ta wuce inda hannu zai iya taɓa gindin kwano ya janye, wajen digiri 65, don in ta haura 70 zaƙinta ya kan gushe, ta yi ƙarni.

Wani zai ce, to, shayin Buzaye fa? Koren ganye ne daga ƙasar Sin, wanda a can su ke jiƙa shi da ruwa mai digiri 70 zuwa 80, amma Buzaye da mutanen Damagaram su kan ɗora shi bisa garwashi ya tafasa. Gaskiya ne, kuma da gangan su ke yi. Ɗacin su ke nema a dahuwar fari, su tare shi da sukari da na'a-na'a, ta biyu ta yi sauƙi, ta uku ta yi zaƙi. Dubi kuma yadda su ke ɗaga buta sama su zuba daga kofi zuwa kofi. Bayan kumfar da a ke so, wannan juyi yana huce shi ya sauko inda baki zai iya ɗauka. Sun san zafi sarai, ko da ba su taɓa riƙe ma'auni ba.

Ga mai kukan gawayi

Mutumin Sule Tankarkar, ga abin da zai rage maka hasara. Ruwa in ya tafasa ya kai iyakarsa. Kome wutar da ka ƙara masa, a buɗaɗɗiyar tukunya ba zai wuce digiri 99 ba, sai dai ya zama tururi ya tashi da kuɗinka. Amma tafasar fari tilas ce, gama ita ce ke kashe ƙwayoyin cutar ciki irin su kwalara da taifot. Ka bar shi ya zaɓaɓɓaka minti ɗaya, ya isa. Daga nan ka janye garwashi, ka rufe tukunya, ko ka juye cikin filas da ka riga ka ɗauraye da ruwan zafi. Ka yi wa kurfoti kariya daga iska. A ƙasar da hamada ke matsowa, a na dasa jerin itatuwa don tare ta, kowane buhun gawayi da aka ƙone a banza itace ne aka sare a banza.

Ga mai tambaya na Gagarawa

Tambayarka ta fi duka nauyi, domin sauran a kan daɗin baki da riba su ke, taka kuwa a kan rai. I, akwai gaskiya a ciki. A watan Yuni na 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta bayyana cewa shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 mai yiwuwa ne ƙwarai ya jawo ciwon daji a maƙoshin da abinci ke bi. Ba ta ɗora laifin a kan gahawa ko shayi ba, a kan zafin ta ɗora. An ga alamar haka a arewacin Iran, inda a ke shan shayi yana tiriri, da wasu ƙasashen Kudancin Amurka. Ƙuna ce ƙarama da a ke maimaitawa kullum, shekara da shekaru.

Kada wannan ya firgita kowa har ya bar shayi. Abin da a ke so shi ne a bambanta zafin dahuwa da zafin sha, tsakaninsu akwai wajen digiri talatin. A tashoshin mota, direba da yaron mota su kan kwankwaɗe kofi yana tururi don fasinja na jira, wasu ma suna ɗaukar haka jarunta. A bar kofi ya yi minti huɗu ko biyar, ko a juya shi tsakanin kofi biyu. In ba ka iya kurɓa cike da baki, sai dai ka zuƙa da iska kana hura wa, bai kai sha ba tukuna. Yara kuwa a fi kula da nasu. Wanda ya ga haɗiye abinci yana yi masa wuya kwana da kwanaki, ya tafi asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Rigakafi ya fi magani.

Wannan ita ce amsarmu. Muna roƙon ɗan kasuwan Gumel ya gwada mako biyu, yana rubuta ƙidayarsa da ɗanɗanon kowace safiya, ya aiko mana mu buga don amfanin masu irin injinsa. Masu tebur na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kuma, wanda ya auna gawayinsa kafin ya fara rufe tukunya da bayan ya fara, ya gaya mana bambancin da ya gani, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Sai mako mai zuwa. Wasalam.